Idon Malami a Fuskar Ɗalibi: Tsokaci Kan Waiwayen Kai a Binciken Zamantakewa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe ya san cewa ranar da aka liƙa sunayen malaman da za su duba kundin digiri rana ce ta ƙus-ƙus da zullumi. Tambayoyin da muka saba yi wa juna a wannan rana ba su wuce biyu ba: malamin yana da tsanani? Yana mayar da babi da wuri? Akwai tambaya ta uku wadda ba mu cika yi ba, alhali kuwa ta fi waɗancan nauyi, watau da wane irin ido wannan malami zai koya mini kallon mutanen da zan shiga cikinsu bincike? Wannan tambaya ce nake so mu tattauna a cikin wannan 'yar maƙala, tare da neman afuwar malamanmu idan alƙalami ya taɓa su, domin kuwa maganar tasu ce da tamu baki ɗaya.

Masana kimiyyar zamantakewa sun kasa hanyoyin bincike gida biyu. Akwai binciken ƙididdiga, inda ake raba wa ɗaruruwan mutane takardun tambayoyi, a tattara amsoshinsu, a mayar da su alƙaluma. Akwai kuma binciken cuɗanya, inda mai bincike zai je ya zauna cikin jama'a, ya ci abin da suke ci, ya saurari hirarsu, ya yi musu tambayoyi, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. Akasarin ayyukan da muke yi a fannin al'ada da adabin baka na wannan gida na biyu ne, ko da ba mu kira su da wannan suna ba. To, a irin wannan bincike, mudun da ake awo da shi shi ne mai binciken kansa: idonsa da kunnensa da harshensa da tarbiyyar da ya tashi da ita. Ma'aunin da bai taɓa kife mudunsa ya duba gindinsa ba kuwa, ba shi da bakin rantsewa cewa awonsa ya cika. Daga nan ne masana suka fito da abin da zan kira waiwayen kai, watau mai bincike ya riƙa juyo da kayan bincikensa a kan kansa, ya tambayi ko wane ne shi a idon mutanen da yake nazari, me matsayinsa ya ba shi damar gani, me kuma ya tsare masa.

Ra'ayina kashi biyu ne. Na farko, wannan ɗabi'a ta waiwayen kai daga hannun malami ake karɓar ta, kamar yadda ake karɓar ƙira ko dukanci, littafi kawai ba ya koyar da ita. Na biyu, tasirin malamin kansa yana cikin abubuwan da ya wajaba ɗalibi ya waiwaya ya bincika, wanda kuwa bai yi haka ba, aikinsa da saura.

Yadda Maganar ta Taso

Kusan duk wanda ya rubuta tarihin binciken cuɗanya da Bronislaw Malinowski yake farawa, wani mutumin Folan da ya zauna a tsibiran Trobriand, gabas da Niyu Gini, tsakanin 1915 da 1918. A littafinsa na 1922 ya shimfiɗa ƙa'idojin da har yau ake koyarwa: mai bincike ya kafa tantinsa a tsakiyar ƙauye, ya koyi harshen mutane, ya nisanci zaman hira da Turawa 'yan'uwansa, ya yi ƙoƙarin ganin duniya yadda mutanen wurin ke ganin ta. Amma abin da ya yaɗa hanyar tasa fiye da littafin shi ne zauren tattaunawa da ya riƙe a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, inda ɗalibai ke karanta abin da suka kalato daga fagen bincike, shi kuwa yana yi musu tambayoyin ƙure. Daga wannan zaure aka yaye Raymond Firth, da Evans-Pritchard, da Audrey Richards, da Meyer Fortes wanda ya nazarci Tallensi a arewacin Gana, da S. F. Nadel wanda ya zauna a ƙasar Nufe ya fitar da littafinsa a kan masarautarsu a 1942.

Malinowski ya rasu a 1942. A 1967 matarsa ta bari aka buga littafin sirrinsa, wanda ya riƙa rubutawa da harshen Folan lokacin da yake tsibiran. Sai ga mutumin da aka ɗauka gwanin fahimtar jama'a yana kukan kaɗaici da ciwo, yana ɓuya cikin tanti yana karatun littattafan hira, yana kuma ambaton masu masaukinsa da kalmomin raini da ƙyama. Masana suka yi ta cece-kuce. Darasin da aka ɗauka shi ne, mutumin da ke cikin tanti da wanda ke cikin littafin ilmi mutum ɗaya ne, amma an ɓoye na farkon ga mai karatu, alhali kuwa shi ne ya yi kallon. Wannan, tare da sukar da aka yi ta yi bayan samun 'yancin ƙasashen Afirka da Asiya cewa ilmin nazarin al'ummomi ya girma ne a inuwar mulkin mallaka, shi ya sa maganar waiwayen kai ta zama ruwan dare. Zuwa 1986, lokacin da James Clifford da George Marcus suka fitar da tarin maƙalun nan mai suna Writing Culture, wasu masana a Amurka sun kai ga ganin cewa rahoton bincike wani nau'i ne na adabi, don haka sai mai bincike ya cika shi da labarin kansa.

Bourdieu da Irin Nasa Waiwayen

Pierre Bourdieu bai gamsu da wannan salo ba. An haife shi a 1930 a wani ƙauye na yankin Béarn, kudu maso yammacin Faransa, mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne. Hazaƙa ta kai shi babbar makarantar horar da malamai ta Faris, inda ya karanci falsafa a tsakiyar 'ya'yan masu hali waɗanda ke jin karin harshensa na ƙauye. A 1955 aka ɗauke shi aikin soja aka tura shi Aljeriya ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci. Bayan ya tuɓe kaki ya tsaya yana koyarwa a jami'ar Aljas, yana bincike a tsakanin Kabilawa da kuma manoman da sojan Faransa suka tasa daga ƙauyukansu suka tara a sansanoni. A wannan aiki yana tare da wani ɗalibinsa ɗan ƙasar, Abdelmalek Sayad, wanda suka fitar da littafi tare a 1964, wanda kuma daga baya ya zama babban masani a kan rayuwar 'yan ci-rani.

Abu biyu ya yi waɗanda suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, a zamanin ra'ayin Claude Lévi-Strauss ne ke tashe a Faransa, watau cewa akwai ɓoyayyun ƙa'idoji da ke juya aure da zumunci, aikin masani shi ne ya tono su. Bourdieu ya fara da wannan ido. Littattafai sun ce ƙa'idar aure a arewacin Afirka ita ce mutum ya auri 'yar baffansa. Da ya zauna ya bi asalin iyalai yana ƙirga aurarrakin da aka ɗaura a zahiri, sai ya tarar irin wannan aure kaɗan ne ƙwarai a cikinsu, kuma ko inda aka yi shi dalilan sun bambanta: wani gida don tsare gado, wani don rufin asiri, wani don rashin abin da za a nemi 'yar wani gida da shi. Ashe abin da aka kira ƙa'ida magana ce da dattawa ke faɗa wa baƙo mai takarda idan ya tambaya, rayuwa kuwa dabara ce da lissafi. Da wannan ya rabu da tafarkin magabacinsa.

Na biyu, ya ɗauki tambayoyin da yake yi wa Kabilawa ya koma da su mahaifarsa, ya binciki dalilin da ya sa manyan 'ya'yan manoma, magada gona, suke tsufa ba su sami matan aure ba. Ya buga wannan aiki a 1962. Nufinsa shi ne ya ga yadda bincike ke kasancewa idan waɗanda ake tambaya abokan wasan ƙasa ne, ya kuma gane abin da baƙunta ke ƙara wa mai bincike da abin da take rage masa. A 1984 ya ƙara matsowa gida, ya fitar da Homo Academicus, inda ya nazarci malaman jami'o'in Faransa, har da shi kansa, kamar yadda ake nazarin wata ƙabila mai sarautu da gaba da auratayya.

Daga waɗannan ayyuka ya tsamo abubuwa uku da ke karkatar da idon mai bincike. Akwai asalinsa, watau gidan da ya fito da jinsinsa da ƙabilarsa. Akwai matsayinsa a fagen ilmi: a wane sashe yake, wa ya koyar da shi, da wa yake takara, wane ra'ayi ne ke kawo ƙarin girma a lokacin. Na uku, wanda ya ce ya fi sauran ɓuya, shi ne halin ɗan makaranta na ɗaukar rayuwa kamar wani nassi da aka ajiye don a yi masa sharhi, alhali masu rayuwar matsaloli ne a gabansu da suke neman warwarewa kafin rana ta faɗi. A wurinsa, waiwayen kai aiki ne na tono waɗannan abubuwa uku da kayan aikin ilmi, kuma aikin taro ne, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Cika shafuka da labarin yadda zuciyar mai bincike ta buga, a ganinsa, son kai ne da aka yi wa rawani.

Ɗalibi a Fagen Dambe

Loïc Wacquant, wanda aka haifa a 1960 a kudancin Faransa, ɗalibin makarantar kasuwanci ne lokacin da ya saurari wata lacca ta Bourdieu, ya bi shi, ya sauya fanni. Daga baya ya tafi jami'ar Shikago, inda ya yi aiki a ƙarƙashin William Julius Wilson, masanin talaucin unguwannin baƙar fata na Amurka. Abin da ya dame shi shi ne yawancin abin da ake rubutawa a kan waɗannan unguwanni daga nesa ake hango shi, ta hanyar alƙaluman hukuma da rahoton 'yan sanda, ga shi kuwa unguwar Woodlawn tana maƙwabtaka da jami'ar. A watan Agusta na 1988 ya shiga wani gidan koyon dambe a unguwar, da niyyar ya sami wurin tsayawa ya kalli jama'a. Sai damben ya ja shi. Ya shekara uku yana horo tare da samarin wurin, shi kaɗai ne farar fata a cikinsu, aka fasa masa hanci, ya tara rubutun abin da ya gani sama da shafi 2,000, har a 1990 ya shiga gasar damben 'yan koyo ta birnin. Littafin da ya fito daga wannan aiki an buga shi da Faransanci a 2000, da Ingilishi kuma a 2004 da sunan Body and Soul.

Ina hannun malami a nan? Yana wurare uku a nawa ganin. Na farko, tambayar kanta. Bourdieu ya daɗe yana cewa mafi yawan abin da ɗan Adam ya iya a jikinsa yake, bai iya faɗarsa da baki ba, kuma zama cikin wani hali na rayuwa shi ke gina wa mutum ɗabi'ar da yake aiki da ita ba tare da tunani ba. Wacquant ya ɗauki wannan ra'ayi ya mai da shi hanyar bincike: in ana so a san yadda ake ƙera ɗan dambe, sai mai bincike ya miƙa jikinsa a ƙera shi, yana lura da abin da ke faruwa da shi.

Na biyu, linzami. Wacquant bai ɓoye ba cewa daɗin fagen ya kai shi ga tunanin barin jami'a ya zama ɗan dambe sosai, ya kuma rubuta cewa Bourdieu ya nuna masa tsoron kada abin da yake nazari ya rinjaye shi. Abin sha'awa, ba Bourdieu kaɗai ya ja wannan linzami ba. Tsohon da ke horar da su, wanda ya kira DeeDee a littafin, shi ma bayan gasar ya nuna masa cewa ya sami abin da zai rubuta littafinsa, ba shi da sauran buƙatar komawa fage. Malami biyu ke nan, ɗaya a Faris ɗaya a Woodlawn, kowanne ya tuna masa abin da ya so ya manta: shi yana da ƙofar fita, abokan horonsa kuwa ba su da ita. Wannan shi ne waiwayen kai a aikace, kuma daga bakin wani ya zo masa.

Na uku, yadda aka yi koyarwar. Littafin da suka fitar tare a 1992, An Invitation to Reflexive Sociology, babban ɓangarensa tambaya ce da amsa, ɗalibi yana kawo sukar da masana suka yi wa malaminsa ɗaya bayan ɗaya, malamin yana amsawa. A ɓangaren ƙarshe, wanda jawabi ne ga ɗaliban bincike a Faris, Bourdieu ya kwatanta bincike da sana'ar hannu wadda ba a koyon ta sai a gefen gwani, ya kuma nemi ɗalibai su riƙa kawo aikinsu tun yana ɗanye, da kurakuransa, maimakon su jira sai sun yi masa kwalliya. Haka kuma a babban aikin hirarraki da ya jagoranta, La Misère du monde na 1993, wanda Wacquant da Sayad suna cikin masu hannu a ciki, an buga tambayoyin mai bincike tare da amsoshin, domin mai karatu ya ga inda tambaya ta ja amsa, an kuma yi ƙoƙarin haɗa mai tambaya da wanda ya saba da shi don a rage nauyin da ɗan boko ke yi wa talaka a zaman hira.

Inda Gizo ke Saƙa

Mai karatu zai iya cewa, to, ai magana ta ƙare, sai kowa ya nemi malami na ƙwarai. Ba ta ƙare ba, domin hannun da ya buɗe ido shi ne kuma ke iya kare shi. A 1925 Franz Boas na jami'ar Kolambiya ya tura ɗalibarsa Margaret Mead tsibiran Samowa, tana da shekara 23, ta binciko ko rikicin balaga halitta ce ko kuwa al'ada ce ke haddasa shi. Boas ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da masu cewa jini da launin fata ke yanke wa mutum hali. Mead ta dawo da amsar da ta dace da ra'ayin malaminta, littafinta na 1928 ya yi suna a duniya. A 1983, shekara biyar bayan rasuwarta, Derek Freeman ya fito ya ce ta ga abin da aka aike ta ta gani ne kawai. Masana da yawa sun nuna cewa Freeman ya wuce gona da iri, musamman da'awarsa ta daga baya cewa 'yan mata ne suka yi mata wasa da hankali. Duk da haka tambayar da rikicin ya tayar tana nan: ɗalibin da ya san amsar da za ta faranta wa malaminsa rai, yaya zai tabbata ba ita ce ta zaɓar masa abin da ya rubuta a littafin fage ba?

Wacquant ma bai tsira daga wannan zargi ba. Akwai masu cewa ya shiga gidan dambe da ra'ayin malaminsa a aljihu, ya fito da shi yadda ya shiga. A 2002 ya yi kakkausan suka ga wasu masana uku na Amurka, Elijah Anderson da Mitchell Duneier da Katherine Newman, cewa sun shiga unguwannin talakawa ba tare da ginshiƙin ra'ayi ba, don haka suka ɓuge da wa'azin halin kirki. Su kuma suka mayar da martani cewa ya karkatar da maganganunsu don su dace da abin da ya riga ya ƙudurta. Ko wane ne ke da gaskiya a cikinsu, abin lura shi ne, ra'ayin da aka gada daga babban malami yana da wuyar saki, ko ga wanda ya rubuta littafi a kan waiwayen kai.

Akwai kuma ɗalibin da ya karɓi kayan aikin malami ya yi nasa gini da su. Jomo Kenyatta ya zauna a zauren Malinowski, ya fitar da Facing Mount Kenya a 1938 da gabatarwar malamin nasa. Tasirin Malinowski a bayyane yake: an nuna al'ummar Kikuyu kamar gida ɗaya wanda kowace al'ada ke riƙe da wata, har saɓanin cikin gida bai cika fitowa ba. Amma Kenyatta ya juya wannan hoto ya zama hujja a kan Turawan da suka ƙwace ƙasar noma, yana nuna cewa wanda ya taɓa ƙasa ya rushe ginin duka. Wannan amfani da ilmin nasa ne, daga matsayinsa da buƙatar mutanensa ya fito.

Abin da ya Shafe Mu

Kada a ɗauka wannan hira ce ta Faris da Shikago kawai. M. G. Smith, mutumin Jamaika, ɗalibin Daryll Forde a Landan, ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, wanda ya haifar da littafinsa na 1960 a kan sarautar Zazzau. Kasancewarsa namiji baƙo, iyakarsa zaure. Matarsa Mary ce ta shiga cikin gida, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Duk wanda ya karanta littattafan biyu zai ga ƙasa ɗaya da fuska biyu: a ɗaya sarakuna da muƙamai da haraji, a ɗayan kishiyoyi da ƙawaye da goyo da jego. Bambancin bai zo daga ƙwazo ba, ya zo ne daga ƙofar da aka buɗe wa kowannensu.

Mu da muke nazarin mutanenmu mukan ɗauka wannan matsala ba ta shafe mu ba, tun da harshenmu ne, garinmu ne. A gaskiya tamu ta fi wuyar ganewa. Ɗalibin da ya je hira da 'yan bori da hularsa da jakarsa, an riga an yanke hukunci a kansa kafin ya zauna, za a kuma ba shi amsar da ta dace da malamin makaranta. Ɗan gidan sarauta da ya je tambayar makaɗan fada, kirari zai sha, ba zai ji abin da suke faɗa a bayan idon ubangidansu ba. Wanda ya je nazarin dambe ya tsaya a gefen fage yana naɗar kirari da waƙa, ya samo adabin dambe, amma abin da ke sa saurayi ya ɗaure hannu ya shiga yana nan bai taɓa shi ba. Ɗaliba mace za ta shiga ɗakin amarya, amma majalisar dattawa za ta yi shiru in ta iso. Duk waɗannan ba aibi ba ne. Aibin shi ne a rubuta kundi kamar daga sama aka leƙo, ba a gaya wa mai karatu ta wace ƙofa aka shiga ba.

Sa'an nan ga batun kunya. Tarbiyyarmu ta hana ɗalibi musu da malaminsa, wannan kuwa abu ne mai kyau a zamantakewa. Amma idan ta kai ɗalibi ya dawo daga ƙauye da bayanin da ya saɓa wa abin da malaminsa ya rubuta, ya danne shi don gudun ɓacin rai ko don tsoron maki, to, an yi hasarar abin da aka je nema. Haka ake samun kundaye goma a ƙarƙashin malami ɗaya, garuruwa daban-daban, amma babi-babi da sakamako kamar an buga su da hatimi. Ba kuma za a ce al'adarmu ta ilmi ce ta gadar da haka ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne, watau yana nuna wa mai karatu inda idonsa ya fito. Shehu Usmanu kuwa, duk da irin girman da yake ba Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya saɓa masa a rubuce a kan hukuncin mai aikata manyan zunubai, bai kuma fasa yabonsa ba. Ambaton malami da saɓa masa da hujja duka biyu gadonmu ne.

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarorin biyu. Ga malamanmu, muna roƙon a riƙa duba littafin fage kafin a duba babi, a tambaye mu wa ya kai mu wurin wanda muka yi hira da shi, wa ke zaune lokacin hirar, wace tambaya aka ƙi amsawa. Muna roƙon su riƙa ba mu labarin nasu binciken har da inda aka rufe musu ƙofa, domin ɗalibin da bai taɓa ganin ɗanyen aikin malaminsa ba zai ɗauka ilmi a gyare yake faɗowa. Zai kuma yi amfani a riƙa tara ɗaliban da ke bincike wuri ɗaya lokaci-lokaci, kowa ya karanta abin da ya samo a gaban 'yan'uwansa da malami fiye da ɗaya, tun da abin da ido ɗaya ya tsallake wani zai gani. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, kowane kundi ya ƙunshi 'yan shafuka da ke bayyana dangantakar mai bincike da mutanen da ya nazarta, da ra'ayin da ya tafi da shi, da wanda ya karɓe shi daga gare shi, da wurin da abin da ya gani ya ƙi bin wannan ra'ayi. A taƙaita labarin wahalar mota da zafin rana, a faɗi abin da zai taimaki mai karatu ya auna sakamakon.

Kammalawa

Abin da na yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a binciken cuɗanya malami yana ba ɗalibi tambayar da zai tafi da ita, da ra'ayin da zai kalli jama'a da shi, da kuma linzamin da zai dawo da shi idan fage ya ja shi. Saboda girman wannan kyauta ne ya zama tilas a sa ta cikin abin da za a bincika. Bourdieu ya gano kuskuren magabatansa ne da ya ƙirga auren Kabilawa da kansa, ya kuma ba ɗalibinsa fili ya yi masa tambayoyin ƙure a bainar jama'a. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A fagen bincike ya wuce ado, domin wanda bai san inda ya tsaya ya yi kallo ba, ba zai iya gaya mana iyakar abin da ya gani ba. Ina fata wannan tsokaci zai jawo martani daga malamai da ɗalibai a fitowa ta gaba, musamman daga waɗanda suke ganin na yi wa tasirin malami kallon da bai dace ba.